Amsa ga mai neman mikisin da masitarin mai araha

Salamu alaikum ɗan'uwa, na ga tambayarka cewa ka yi waƙa uku nan Maradi amma kuɗin mikisin, wato haɗa murya da kiɗa a daidaita su, ya fi ƙarfinka. To ni dai gaskiya abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne ɗaukar murya mara kyau, in ka ɗauka fanka na juyawa ko janareto na ƙara a bayan ɗaki, wallahi ko wane gwani ka kai ma sai ya wahala kuma ya ƙara maka kuɗi. Ni bargo nake ratayawa a bango don ya rage amsa-kuwwar ɗaki, in jira dare kabu-kabu sun rage wucewa.

In za ka tura ma mai mikisin, raba murya daban kiɗa daban, a WAV (nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba) ba MP3 ba, ka bar ƙarar ta tsaya wajen -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. Kar ka tura ta WhatsApp kamar odiyo, matse ta yake, tura kamar dokima, wato fayil. Na taɓa biyan wani jikka biyar ya maido min waƙa bas ya danne murya kaf, tun ranar nake cewa a fara min minti ɗaya in ji.

Masitarin kuwa, wato gyaran ƙarshe na sautin waƙa bayan mikisin, manhajar BandLab tana yin shi kyauta, Audacity ma, manhajar gyaran sauti a kwamfuta, kyauta ce. In ka gama saurara a ƙaramar waya tukun, can mutanenmu za su ji ta.