Amfanin masanin kayan tarihi a wurin aikin layin dogo

Malam, ka tambaya ko mene ne amfanin ajiye masanin kayan tarihi a inda ake shimfiɗa layin dogo, alhali aikin na injiniyoyi ne. Amsar tana nan kusa da mu a Jos. Mutum-mutumin yumɓu na Nok (wani ƙauye a kudancin jihar Kaduna), waɗanda suka haura shekara 2,000, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928, kuma sai da masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya gane darajarsu a shekarun 1940 aka dukufa wajen tattara su, har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Abin da aka farfasa kafin nan ya tafi ke nan, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Aikin layin dogo yana yanka ƙasa mai nisan gaske, don haka masanin yakan bi motar tono ƙafa da ƙafa, yana duban sauyin launin ƙasa, da katangar tukwane, da gawayi, da burbushin narkakken tama. Da ya ga alama sai a dakata, a ɗauki hoto, a auna zurfi tun kafin a ɗaga komai, domin gawayin da ke tare da kayan ne ake aunawa a gane shekarunsu.