Tambayoyinku kan fasaha: manhaja, kwamfuta da wurin zama ga mai zane mai cin gashin kansa

Saƙonnin wannan makon yawanci daga matasanmu ne na nan Kumasi masu zane da kwamfuta, waɗanda ke haɗa katin biki, fosta, tambarin kanti da tallar da ake ɗorawa a WhatsApp, ba tare da suna ƙarƙashin wani kamfani ba. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wajen wani ubangida a Asafo na koyi aiki, kuma da CorelDRAW muke yin komai. Yanzu na ware, abokai suna ta ce min Corel ta tsufa, in ban koma Adobe ba babu mai ɗaukata ƙwararre. Ga shi wadda ke kan kwamfutata ma ba ta asali ba ce, fasasshiya ce. Yaya zan yi? (Daga Aboabo)

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka saurari abokai, ka duba hannun da fayil ɗinka yake faɗawa in ka gama zane. Idan mafi yawan aikinka a Asafo yake ƙarewa, wajen masu buga kati da fosta da sitika, to mutanen nan da Corel suke kwana suke tashi, haka ma takwarorinsu na New Town a Accra. Ka kai musu fayil ɗin Corel, a gabanka za su buɗe, su gyara kuskuren kwanan wata, su jera katunan a faffaɗar takarda, a buga. Babu wanda zai tambaye ka ko manhajar ta tsufa. Tun 1989 take, kuma har gobe ana fitar da sabuwa. Abu ɗaya za ka kiyaye: tsohuwar Corel ba ta buɗe fayil ɗin da sabuwa ta adana. In taka ta fi tasu sabunta, wajen adanawa akwai inda za ka zaɓi tsohon zubi, sai ka tambaye su wacce suke amfani da ita.

Adobe kuwa tana da ranarta. In kana neman aiki a shafukan intanet na masu cin gashin kansu irin su Upwork ko Fiverr, ko kamfanonin talla na Accra ne ke ba ka aiki, sau da yawa fayil ɗin Illustrator ko Photoshop za a nema a hannunka, saboda wani mai zanen zai ɗora a kan abin da ka yi. A nan ba ka da zaɓi. Sai dai tun 2013 Adobe ta daina sayar da sababbin zubin waɗannan manhajoji sayen gaba ɗaya, ta koma kuɗin wata-wata, kuma farashin a kan dala yake, saboda haka duk lokacin da sidi ya faɗi kai ne za ka ji a jikinka. Ka kuma karanta abin da kake dannawa. Akwai tsarin da ake biya duk wata amma yarjejeniyar ta shekara guda ce. In mako biyun farko suka wuce sannan ka ce ka fasa, za a caje ka rabin kuɗin watannin da suka rage. Mai aikin da kasuwarsa ke tashi da faɗuwa, yau ga aikin Sallah da bukukuwa sun yi yawa, gobe shiru, gara ya ɗauki tsarin wata ɗaya zalla ko da ya fi tsada, ya biya a watan da yake da aikin da zai mayar da kuɗin.

Akwai hanya ta uku da ba ta kai ga kunnen mutane da yawa ba. Kamfanin Canva ya sayi Affinity a 2024, sannan a ƙarshen Oktoban 2025 ya haɗe manhajojinta uku wuri guda ya sake ta kyauta ga masu Windows da Mac, asusun Canva kawai za ka buɗe. Tana zanen tambari, tana gyaran hoto, tana tsara shafukan littafi, tana buɗe fayil ɗin Photoshop, kuma tana aiki da launukan ɗab'i yadda ya kamata. Aibinta a wajenka ɗaya ne, ba ta buɗe fayil ɗin Corel, ba ta kuma adana shi. In ka koma kanta, da PDF za ka riƙa zuwa Asafo, kuma gyaran ƙarshe a gabansu zai yi wuya, sai ka tafi da kwamfutarka. Inkscape da GIMP ma kyauta ne, suna da kyau ga abin da zai tsaya a waya, amma wajen launukan ɗab'i suna da rauni, ban ba ka shawarar dogaro da su ga aikin maɗaba'a ba.

Batun fasasshiyar manhaja, ka lura da abin da ake cewa ka fara yi kafin ka saka ta: ka kashe rigakafin kwamfuta. Wanda ya fasa ta ya raba kyauta ba sadaka yake yi ba, kuma a kwamfutar nan kalmomin sirrinka da aikin mutane suke. Ga kuma haƙƙin mai kaya, wanda ba sai na tuna maka ba. Corel har yanzu tana sayar da lasisin saye sau ɗaya baya ga na shekara. In Asafo ce kasuwarka, ka tara ka saya, kafin nan ka sauke Affinity ka fara saba hannu.

Tun da mun zo kan ɗab'i, ga abin da ya fi zaɓin manhaja jawo rigima da kwastoma. Fuskar kwamfuta da haske take nuna launi, wato RGB, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu yake haɗawa, CMYK. Kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙyalli da amarya ta gani a wayarta ta ce ya yi, a takarda dusashewa za su yi. Ka fara aikin a CMYK tun farko, ka nuna mata abin da zai fito. Ƙananan rubutu kuma ka sa su baƙi zalla, K 100. In ka bar baƙin da ya haɗa tawada huɗu, injin ya ɗan goce, za ka ɗaga katin ka ga sunan ango da wani ja-ja da shuɗi-shuɗi a gefen kowane harafi, kamar rubutun yana rawa. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, hotuna su kai 300 dpi (wato ɗigo 300 a kowane inci) ga kati da takarda. Babban ƙyallen talla da ake hangowa daga nesa bai buƙatar haka, rabin wannan ma ya wadatar. In za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, in ka tura a matsayin hoto matse shi zai yi ya lalace.

Tambaya: Malam barka da aiki. A ɗakina nake zane a gidanmu na haya, ga hayaniyar yara ga ɗauke wuta. Na tara ɗan kuɗi. Shin in kama kwantena a bakin titi, ko in yi rajista da wuraren nan da ake biya a zauna a yi aiki? (Wata 'yar'uwa daga Asawase)

Amsa: Barka kadai ƙanwata. Ta ina kwastomominki suke zuwa? In ta waya suke samunki, su biya ta MoMo, wato kuɗin waya, ki tura musu aiki, to shagon bakin titi ba abin da zai ƙara miki sai ɗawainiya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma kin san yadda ake yi, shekara ɗaya ko biyu za a ce ki ajiye. Ki ɗora mitar wuta ta ECG, fanka, kujera, da kuɗin hukuma. Kwantena kuma da rana tanda ce, ke da kwamfutar duk za ku galabaita, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata hanyar iska. Shago yana da riba ne ga wanda ya haɗa da firinta da hoton fasfo da fotokwafi, wanda mai wucewa zai gani ya shigo.

Da ni ce ke, wuta zan fara magancewa, domin dumsor, wato ɗauke wuta, ya fi hayaniyar yara cin aiki. Laftof mai lafiyayyen batir ta riga ta ba ki awanni. Cajarta yawanci wat 45 zuwa 65 take ja, saboda haka ƙaramin akwatin ajiyar wuta, ko babban fawa-banki mai USB-C in laftof ɗin tana caji ta nan, zai ƙara miki lokaci mai tsawo. Ƙaramin UPS kuwa mintoci yake bayarwa, don a adana aiki a kashe kwamfutar tebur aka yi shi. Ki sayi soket mai kariya daga bugun wuta, saboda lokacin dawowar wuta ne caja ke ƙonewa. Ki riƙe layi biyu, in MTN ya yi nauyi ki juya Telecel ko AT. Sai tebur da kujera masu kyau, a ajiye su inda hasken taga zai zo ta gefe, kada ya daki fuskar kwamfutar.

Wuraren aiki na haɗaka irin su HapaSpace da Kumasi Hive suna da amfaninsu, musamman ranar ganawa da babban kwastoma ko tura manyan fayiloli, kuma a can ake haɗuwa da masu haɗa manhaja da ke neman mai zane. Ki je ki tambayi tsarinsu, in akwai na yini ki fara da shi. Ki lissafa da kuɗin mota da cunkoson hanya kafin ki ɗaure kanki da na wata.

Tambaya: Malam, zan shiga Adum sayen laftof ta hannu don zane. Me zan duba? (Daga Tafo)

Amsa: Mai kanti zai yi ta nanata maka "Core i7 ce", kai kuma ka tambayi zubi na nawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 na Intel take farawa. i5 ta zubi na 8 ko sama ta fi maka i7 ta zubi na 6. RAM ya kai 16GB, ko ya zama akwai gurbin ƙarawa, ma'ajiyar kuma SSD ce.

Abin da kowa ke mantawa shi ne fuskar. Laftof da yawa na ofis suna zuwa da fuska mai ƙarancin launi, in ka binciki lambarta za ka ga an rubuta 45% NTSC. A kanta ja yana komawa ruwan lemo, kai kuma ka yi ta ƙara launi kana ɓata aiki. Ka nemi fuska irin ta IPS mai kusan 100% sRGB, wato mai cikakken launi. A cikin kantin, ka buɗe hoto ɗaya a wayarka da kuma laftof ɗin ka jera su, sannan ka karkata fuskar sama da ƙasa. In launin ya juye ko ya yi fari-fari, ka ajiye musu kayansu. Don batir, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da ya rage masa yanzu.

Tambaya: Malam, ina yin katunan walimar sauka da na Maulidi. Larabcin yana warwatsewa, haruffanmu masu lanƙwasa kuma suna komawa akwati-akwati in an kai ɗab'i. (Daga Sabon Zango)

Amsa: Matsala biyu ce, ɗan'uwa. Akwatin yana fitowa ne idan samfurin rubutun da ka zaɓa babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsa, ko kuma kwamfutar maɗaba'ar ba ta da samfurin. Noto Sans, Andika da Charis duk kyauta ne, suna ɗauke da namu, suna kuma ɗauke da ɛ da ɔ na Twi, waɗanda mai zane a Kumasi ba zai rabu da su ba. Larabci ka ɗauki Amiri ko Scheherazade, in ajami ne kuma akwai Harmattan da Alkalami da aka yi su don rubutun Afirka ta Yamma. In a Illustrator haruffan suke rabewa suna juyawa, je wajen saitin sakin layi ka zaɓi tsarin Gabas ta Tsakiya, shi ke haɗa su ya tafiyar da su daga dama zuwa hagu.

Kafin ka kai ɗab'i, ka mayar da rubutun zane, Ctrl+Q a Corel, Ctrl+Shift+O a Illustrator, daga nan babu kwamfutar da za ta canza shi. Ka ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba saboda gyara. In kuma aya ce ko hadisi a jikin katin, ka fitar da guda ɗaya a takarda ka kai wa malami ya bi wasulan ɗaya bayan ɗaya kafin a kunna inji.