Hukuncin Dokar Rage Gishiri a Abincin Kamfani

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na ji wasu gwamnatoci suna ƙayyade yawan gishirin da kamfanoni za su sa a burodi da abincin gwangwani da na fakiti. Ni abin bai kwanta mini ba. Gishiri halal ne, kuɗina ne, cikina ne. Shin wannan ba haramta abin da Allah ya halatta ba ne? Kuma dole ne mai masana'anta Musulmi ya bi irin wannan doka?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kishinka yana da asali. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 116, kada harsunanmu su ƙirƙiro ƙarya su ce wannan halal ne, wannan haram ne. Da hukuma za ta ce cin gishiri zunubi ne, da mun ce ta wuce gona da iri. Amma haramta abu daban, ƙayyade halal saboda maslahar jama'a daban, kuma na biyun yana da madogara a Sunna. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah (SAW) ya hana ajiye naman layya fiye da kwana 3 a shekarar da mabuƙata daga ƙauyuka suka shigo Madina. Daga baya ya bayyana cewa saboda su ne ya hana, ya ce a ci, a ajiye, a yi sadaka. Naman bai taɓa fita daga halal ba. Shugaba ne ya sa masa iyaka don buƙatar mutane. Irin wannan ne malaman fiƙihu suka tattara a ƙa'idar da ke cewa abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa rataye yake da maslaha.

To, akwai maslaha ta gaskiya a nan? Wannan fagen likitoci ne, su za mu saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali, alhali matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura giram 10. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru a jijiyoyi, hawan jini ya biyo baya, shi kuma ya jawo shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda. A 2013 ƙasashen hukumar suka amince su rage cin gishiri da kashi 30 cikin 100 kafin 2025. Wannan ba zato ba ne, kuma tsare rai yana cikin abubuwa 5 da shari'a ta zo don karewa.

Yanzu mu dawo kan maganarka ta "cikina ne", domin a ganina nan ne aka yi maka ruɗani. Wa ya zaɓi gishirin da ke cikin burodin da ka saya? Ba kai ba ne. An auna shi a masana'anta tun kafin ya iso hannunka, kuma harshenka ba ya ma jin sa a matsayin gishiri. Ka dubi 'yar da ke jinyar mahaifinta mai hawan jini. Ta tsaya a kan tukunya, ta ɗebi gishiri da 'yan yatsu, ta mayar da rabi cikin kwalba, ta haƙura da ƙorafinsa cewa abinci ya yi lami. Da safe ya ci burodi da kifin gwangwani, duk abin da ta rage jiya ya dawo ta ƙofar da ba ta gani ba. Ina zaɓinta a nan? A Amurka fiye da kashi 70 cikin 100 na sodiyam ɗin da mutane ke ci daga abincin fakiti da na gidajen abinci yake zuwa, ba daga hannun mai girki ba. Wanda gishiri ya yi wa kaɗan yana iya barbaɗawa ya ƙara. Wanda ya yi wa yawa ba shi da hanyar tsamo shi daga cikin burodi. Saboda haka dokar ba ta ƙwace maka zaɓi ba, hannunka ta mayar maka da shi. Kuma Annabi (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa.

Sa ido a kan abin da ake sayar wa jama'a ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Annabi (SAW) da kansa ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ba ina cewa sa gishiri algus ba ne. Amma kamfanin da ya rubuta ƙarya a jikin fakiti game da adadinsa ya faɗa cikin wannan hadisi tsundum.

Hukuncin ke nan: ya halatta hukuma ta sa iyaka, kuma wajibi ne mai masana'anta ya bi, domin ɗa'a ce a cikin abin da ba saɓon Allah ba. Sharaɗi shi ne a gina dokar a kan maganar masana, ta hau kan babba da ƙarami daidai, kada a rage gishirin har abincin ya riƙa lalacewa tunda yana cikin abin da ke adana shi, kuma a bi a hankali. Afirka ta Kudu ta fitar da dokarta a 2013, ba ta fara aiki ba sai 2016. A Ingila an rage gishirin burodi da kusan kashi 20 cikin 100 tsakanin 2001 da 2011, kaɗan-kaɗan, yadda harshe zai saba.

Ikon hukuma ya tsaya a ƙofar gidanka. Ba ta da hurumin auna maka gishirin tukunyarka. Sai dai in likita amintacce ya ce maka ka rage saboda cutar da kake ɗauke da ita, to bin maganarsa ya zama wajibi a kanka gwargwadon tabbacin cutarwar, ko da doka ko babu.

Wallahu a'alam.