Tambaya da Amsa: Hotuna fal waya amma ba labari

Assalamu alaikum Malam. Ni dai hotunan wayata sun haura 3,000, kullum cikin ɗauka nake, amma in na zauna ina dubawa sai inga duk kusan iri ɗaya ne, ba wanda zai tsayar da mutum. Ƙawata kuwa biyar kacal zata ɗora kaji kamar kana wajen. Wayar ce ko ni ce ban da baiwar? Daga wata ɗaliba.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki bar wayar nan ta huta, ba laifinta bane. Kyamarar dijital ta farko da Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975 nauyinta ya kusa kilo 4, megafiksel (ma'aunin yawan ɗigon da ke haɗa hoto) 0.01 gareta, hoton baƙi da fari ne, kuma sai ta cinye sakan 23 kafin ta ajiye guda ɗaya a kaset. Waya mai megafiksel 12 ta ninka ta fiye da sau 1,000, to kinga kayan aiki kam kina dasu.

Abin da nake zargi shine kina ɗaukar abubuwa ne, ita kuma tana ɗaukar abin da yake faruwa. Mutum ya tsaya ƙiƙam ya gyara riga yayi miki murmushi, wannan shaida ce kawai cewa yazo wajen. Gwada wannan, ki samu mai sana'ar hannu, misali tela, ki nemi izininsa ki zauna. Na farko ki ja baya ki ɗauki ɗakin gaba ɗaya don mai kallo ya san inda yake, sai ki matso ki ɗauke shi daga ƙugu zuwa sama yana kan keke, sai ki ƙara matsowa har ya zama hannunsa da allura ne kaɗai a sikirin, sannan ki jira, kuma jiran nan shine inda mutane suke gajiya su tafi, ki jira lokacin da zare zai tsinke ya tsuke fuska ko mai kayan ta shigo ta ɗaga rigar tana dubawa. Na ƙarshe ki ɗauki ƙyallayen da suka zube a ƙasa bayan ya tashi. Jera su biyar ɗin, ko rubutu baki sa ba za'a gane.

A 1948 mujallar Life ta buga aikin mai ɗaukar hoto Eugene Smith wanda ya kwashe kwana 23 yana bin wani likitan karkara a jihar Kolarado ta Amurka. Hoton da aka fi tunawa a ciki ba na tiyata bane, likitan ne ya jingina a kicin da kayan aiki a jikinsa, kofi a hannu, gajiya duk ta gama cinye shi. Baƙon da yazo yau ai ba za'a saki jiki haka a gabansa ba, sai wanda ya daɗe har aka manta yana riƙe da kyamara.

Batun baiwa kuma ni ban cika yarda dashi ba, ido horar dashi ake yi. Da can fim hoto 24 ko 36 yake ɗauka ya ƙare, dole mutum yayi tunani kafin ya danna. Ki ɗora wa kanki wannan dokar na sati ɗaya, 36 a rana, da dare ki zaɓi biyar. Zaɓen yafi ɗaukar wuya wallahi, nima akwai hoton da na sha wahala kafin na samu, na hau kujera har na kusa faɗowa, ƙarshe dai na cire shi don bai ƙara wa labarin komai ba. Ina kyautata zaton ƙawar taki ɗari take ɗauka, biyar ɗin kawai kike gani.

Malam barka da aiki, me yasa hotunana na dare suke fitowa dishi-dishi, in nayi zum kuma duk su farfashe? Daga wani mai karatu.

Barka kadai ɗan'uwa. In haske yayi ƙaranci wayar tana barin idonta a buɗe na ɗan lokaci don ta tara haske, motsi kaɗan hannunka yayi a lokacin shikenan hoto ya damu. Ka dafe gwiwar hannunka a jikinka ko ka jingina wayar da wani abu, ka sa mutumin ya fuskanci fitila maimakon ya juya mata baya. Zum na tsunkule sikirin kuwa yawanci yanko tsakiyar hoton kawai yake ya kumbura shi, sai dai in wayar tana da gilashin hango nesa na daban. Taka da ƙafarka ka matsa. Kuma ka goge gilashin kyamarar da rigarka, zaka sha mamakin yawan masu zagin waya alhali maiƙon yatsa ne.

Malam editin hoto ba yaudara bane? Sannan in na tura a WhatsApp sai kwalitin ya ragu. Daga wata uwa.

Hajiya ƙara haske, gyara karkata da yanke gefe duk ba komai, masu wanke fim ma suna yi tun da can a ɗakin duhu, manhajar Snapseed ko Lightroom zasu yi miki. Inda nake ja da baya shine a goge mutum ko a ƙara abin da babu sannan ace haka akayi. Filta kuma ki riƙe guda ɗaya a duk jerin, in wannan ja ne wancan shuɗi sai hankalin mai kallo ya rabu.

WhatsApp matse hoto yake don kar yaci data, ki tura a matsayin dokumen zai je yadda yake. Sai dai ki kula, in ya tafi a haka yana tafiya da bayanan da waya ta ɓoye a ciki, rana, lokaci, har da wurin da aka ɗauka in lokeshin ɗinki a kunne yake. Tunda hotunan yara ne wataƙila, shiga saitin kyamara ki kashe shi tukunna.