Tumatirin Afrilu: Ka Tambayi Dalilin Tsadarsa Kafin Ka Zuba Kuɗi

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gwari a Ramin Kura, nan Sakkwato, ya aiko da tambaya. Ya tara naira miliyan ɗaya da rabi, yana so ya ba ƙanensa ya noma masa tumatir a fadamar Kwalkwalawa. Bara ruwan ƙarshen damina ya wanke musu reno, wato irin da ake fara tsirarwa kafin a dasa a gona, don haka bana yana so su jinkirta dashe zuwa ƙarshen Janairu, kayan su fito a Afrilu lokacin da kwando ke tsada. Ya ce yana fatan kuɗinsa su ninka uku.

Alhaji, ka ga tsadar Afrilu, amma ba ka tambayi abin da ya kawo ta ba. Kuskurenka ke nan. Tumatir yana tsada a Afrilu ne saboda ba ya yi, ba don manoman Kware da Wurno sun kasa lissafi ba.

Mu ƙirga tare. Idan ka dasa a ƙarshen Janairu, fure zai fito bayan kamar kwana talatin zuwa talatin da biyar, wato farkon Maris, daidai lokacin da sanyi ya tattara nasa ya nasa. Da zafin rana ya wuce digiri 35, dare kuma ya daina hucewa, furen tumatir kaɗewa yake yi bai ɗaura ɗa ba. A Afrilu Sakkwato kan haura 40. Za ka je gona ka tarar da ganye kore shar, ƙanenka yana murna, amma ka ɗaga reshe ba komai. Duk shekara sai an samu wanda ya yi wannan dabarar, ya ƙare da biyan kuɗin fetur a kan ciyawa. Ban ruwan da kake yi sau ɗaya a kwana biyar ko shida cikin hunturu, a bazara sai ya koma kwana biyu ko uku. Ga kuma tsutsar nan mai cin ganye da ta yi ɓarna a Kano da Kaduna a 2016, zafi ne lokacin cin kasuwarta.

Wasu ma kasuwar azumi suke hari da jinkirin dashensu. Azumi yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, hunturu kuwa bai san da zamansa ba.

Maganin ruwan da ya ɓata muku reno ba jinkirin wata uku ba ne. Ka raba shukar uku. Reno na farko a tsakiyar Oktoba, a kan tudu, a ɗaga ƙasar kamar taƙi ɗaya, a yi mata rumfar ciyawa don ko ruwa ya dawo kada ya daki irin kai tsaye. Na biyu farkon Nuwamba. Na uku ƙarshen Nuwamba, shi kuma ya zama ƙarami, don shi ne zai yi karo da zafi idan ya zo da wuri. Kowane reno ya yi mako huɗu zuwa biyar kafin dashe. In ya wuce haka ya yi tsawo, ya yi laushi, ba ya kamawa da kyau. A dasa da yamma. Kada ka bari a zuba iri duka rana ɗaya, ka riƙe kashi ɗaya cikin huɗu a hannunka. Kafin dashe kuma a dunƙula ƙasar fadamar a hannu: in ta manne kamar tuwo, ruwa bai janye ba, a ƙara mako guda, in ba haka ba saiwa ta ruɓe.

Na san abin da za ka ce: a Fabrairu kaya na cika kasuwa, kwando ya faɗi. Gaskiya ne. Amma kai ɗan kasuwa ne, kana da rumfa, ba sai ka jira dillali ya yi maka farashi a bakin gona ba. Abin da ya yi yawa a yanka a shanya kauɗa, ta jira bazara. In kuwa lallai kuɗin zafi kake so, ka sa wani kaso a kuɓewa da kankana, su suna jure shi, ko albasa da za ka adana a rudu, wato rumbun ajiyar albasa.

Kuɗin ma kada ka miƙa su a dunƙule. Kashi uku, kowane dashe da nasa, ka ware kamar dubu ɗari uku don fetur da gyaran inji. Ka saya wa ƙanenka littafi ya riƙa rubuta ranar zuba iri, ranar dashe, ranar furen farko, litar fetur da kwandunan da aka ɗiba. Sai ka ga shafin kashi na farko kafin ka saki kuɗin na biyu.