Na sayi Dracula don in ji tsoro, sai barci ya kwashe ni

TAMBAYA: Salam Anti, ni dai ƙorafi na kawo. Tun muna sakandare nake jin ana zuzuta littafin Dracula wai shi ne uban littattafan ban tsoro, na samu na saya a wajen masu gwanjon littattafai, na ja bargo da daddare ina jiran tsigar jikina ta tashi, wallahi shiru kake ji. Farkon dai ba laifi, amma daga nan sai wasiƙu, wannan ta rubuta wa waccan wai maza uku sun ce suna sonta a rana ɗaya, shi kuma gogan ya yi ɓatan dabo. Ni ce ban gane ba ko dama haka yake?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Dama haka yake, ni ma tsakiyar nan da ƙyar na haye. Bram Stoker ya fitar da shi a 1897, kuma gaba ɗayansa wasiƙu ne da dayari da guntayen jarida, to bayan babi huɗun farko inda wani matashin lauya Jonathan Harker ke kulle a gidan Dracula, mai shan jinin mutane, can a yankin Transylvania na ƙasar Romaniya ta yanzu, har ya leƙa taga ya ga mai gidan yana saukowa bango kai ƙasa kamar ƙadangare, ba kya ƙara ganin Dracula sosai, sai dai ɓarnar da ya bari. Ga Van Helsing, likitan da ke farautar Dracula, da surutu kamar ya ci kan aku, ga ƙarin jinin maza huɗu da aka ɗura wa Lucy, budurwar da Dracula ke tsotse wa jini, babu ko gwaji, don sai 1901 aka gano rukunin jini.

Amma ina zargin na fim kika je nema. Na littafin tsoho ne mai farin gashin baki, har da gashi a tafin hannu, kuma yana yawonsa da rana tsaka a Landan, zancen rana na kashe shi daga fim ɗin Jamus Nosferatu na 1922 ya samo asali.

Kafin ki mayar wa mai gwanjo, koma babi na 7 ki karanta rubutun kyaftin ɗin jirgin ruwa Demeter a hankali, ke kaɗai, in so samu ne an ɗauke wuta. Ma'aikatan jirgin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya san me ke cikin akwatunan ƙasar da suka ɗauko, har jirgin ya shigo garin Whitby na Ingila cikin hadari da gawar kyaftin ɗaure a jikin sitiyari.