Tambaya da Amsa: Ƙwallo tana fanɗare mini a filin ƙwallon raga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina muna buga ƙwallon raga sau biyu a mako don motsa jiki da nishaɗi, kuma ba mu da koci. Na kusa wata huɗu ina zuwa, amma har yanzu idan na tari ƙwallo sai ta fanɗare gefe ko ta wuce ta bayana, hannuwana kuma su kwana suna zafi. Sabis ɗina ma, wato bugun da ake fara wasa da shi, yawanci a raga yake ƙarewa. Shin ƙarfi ne ba ni da shi, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka cire batun ƙarfi daga ranka. Lokacin da William Morgan ya ƙirƙiro wasan nan a garin Holyoke na Amurka a 1895, ya yi shi ne domin magidantan da ƙwallon kwando ya yi wa tsanani, kuma nauyin ƙwallon da ake bugawa yau bai wuce giram 260 zuwa 280 ba. Abu mai sauƙi irin wannan, idan ka kai masa duka, dole ya tsere maka. A ganina matsalarka daga ƙafafu take.

Yawancin masu koyo sukan tsaya ƙyam a wuri ɗaya, su jira ƙwallo ta iso, sannan su miƙa hannu su kai mata wawura. Abin da ya kamata shi ne, tun ƙwallo tana sama ka riga ka matsa inda za ta sauka, ka buɗe ƙafafu kaɗan fiye da faɗin kafaɗunka, ka ɗan durƙusa, nauyinka yana kan yatsun ƙafa, ƙirjinka yana fuskantar ta. Sai ka ɗora tafin hannu ɗaya cikin ɗayan, manyan yatsu biyu su jeru kafaɗa da kafaɗa, ka miƙar da gwiwar hannu sosai, yadda hannuwan biyu za su zama kamar allo guda. Kada ka sarƙe yatsu cikin juna, domin nan ne ake samun targaɗe. Wurin da ƙwallo za ta taɓa shi ne ɗan sama da tsintsiyar hannu, inda akwai tsoka. Idan ta bugi ƙashin tsintsiya ko manyan yatsu, ga zafi, ga shi ba ka san inda za ta nufa ba. Da ta taɓa ka, sai ka miƙe kaɗan da gwiwoyinka, allon hannunka yana kallon wanda kake son ba wa. Idan hannuwanka sun tashi sama da kafaɗa bayan bugun, to ka yi lilo da su, kuma shi ya sa take wucewa ta bayanka.

Na daɗe a kan wannan ne saboda taɓawa uku kawai doka ta ba kowane ɓangare kafin ƙwallo ta tsallaka raga, kuma idan ta farko ta lalace, sauran biyun sun zama na ceto. Ka sami bango mai santsi, ka yi alama a kansa sama da tsayinka, ka riƙa mayar da ƙwallo wurin alamar kana ƙirgawa. Minti 10 kafin kowane wasa sun isa. Zafin hannu kuwa yakan ragu idan fata ta saba, amma ka duba ko kun cika wa ƙwallon iska fiye da kima.

Game da sabis, shawarata ita ce ka fara da bugun ƙasa, ka bar na sama tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. Daga layin baya zuwa raga mita 9 ne, tsayin ragar kuma mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata, saboda haka ƙwallo tana buƙatar ta tashi sama sosai. Idan da hannun dama kake bugu, ka sa ƙafar hagu a gaba, ka riƙe ƙwallo da hagu daidai ƙugu, ka sake ta kaɗan, ka buge ta ta ƙasa da gindin tafin hannu, nauyinka yana komawa ƙafar gaba. Ka fara gwadawa daga tsakiyar fili, kana ja da baya taku ɗaya duk lokacin da biyar suka tsallaka a jere.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, wanda nake yawan gani yana cinye maki a wasan abokai: ƙwallo ta faɗi tsakanin mutum biyu, kowa yana kallon ɗan'uwansa. Ku yi yarjejeniya cewa duk wanda zai tara ya ɗaga murya ya ce "Tawa ce!" tun tana sama, sauran kuma su ba shi wuri.